Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: wane gidan ake nufi?

Kawu na Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Yau kwana huɗu ke nan hazo ya lulluɓe Kumasi, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Da safe na dawo daga masallaci na tarar da tsattsewa sun jeru a kan wayar lantarki ta bakin layinmu, sun kumbura gashi saboda sanyi. Jikana ya tsaya yana nuna mini su, yana magana rabi Hausa rabi Tonanci, wato yaren Asante, yadda yaranmu suke yi. Sai wani baƙo da ya sauka gidan maƙwabcina, ɗan kasuwa daga Kano, ya yi murmushi ya ce: "Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi." Yaron bai gane ba. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai tun safe. Uzuri ya yi wa yaron, ko habaici ya yi mini?

Hajiya ta Sawaba: Wa alaikumus salam Kawu, ina gajiya, ya sanyi? Ni dai yadda na tashi na ji ana amfani da ita, ba a faɗinta sai an ga wani hali da ba a so. Yarinya ta wuce manya ba ta gaishe su ba, sai tsohuwa ta taɓe baki ta faɗe ta. Ba yarinyar ake zagi ba, gidan da ta fito ake nufi. Saboda haka ka yi haƙuri, amma habaici ne.

Malam na Asawase: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, amma kin ɗauki gefe ɗaya ne. Karin maganar ba ta ce kukan mai daɗi ne ko marar daɗi ba. Kurciya tana nata, hankaka yana nasa, babu wanda aka ce ya yi laifi. Na sha jin an faɗe ta wajen yabo: yaro ya yi karatu mai kyau a majalisi, sai a ce ai ɗan gidan malamai ne, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ana kuma faɗinta wajen kashe gardama, idan Bahaushe da Badagombe suka saɓa kan yadda ake ɗaurin aure ko suna, a nuna kowa da abin da ya gada. Murmushin da baƙon ya yi ma shaida ne. Mai habaici ba kasafai yake kallonka ido da ido ba.

Ɗan Tafo: Kawu barka da hantsi. Kafin manya su yanke hukunci, ina so in ce wani abu kan tsuntsayen da ka gani, domin su ma baƙi ne. Waɗannan masu jan maƙogwaro da wutsiya mai reshe biyu a Turai suke ƙyanƙyashewa, a cikin rumbuna da garken shanu. Idan sanyin can ya kama, ƙwarin da suke cafkewa a sama sai su ɓace, shi ya sa suke tasowa. Yunwa ce ke koro su fiye da sanyin kansa. Tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 20 ba, ya ƙetare Bahar Rum, ya ƙetare Sahara, ya zo ya zauna a wayar Aboabo. Muna ganinsu daga wajen Oktoba har Maris ko Afrilu. Abin da mu muke kira sanyi, wajen digiri 20 da asuba, a wurinsu ni'ima ce.

Hajiya ta Sawaba: Ikon Allah. Ni duk tsammanina 'yan nan ne.

Ɗan Tafo: Akwai na nan ɗin ma Hajiya, dangi ne da yawa. Amma ga wanda ya fi dacewa da zancenmu. Akwai wani tsuntsu da Turawa ke kira kuku, saboda kukan namijin ke nan: ku-ku. Macen ba ta yin sheƙa. A sheƙar wani ƙaramin tsuntsu take saka ƙwanta ta yi gaba. Ɗan yana fitowa sai ya ture sauran ƙwayayen waje, masu gida su yi ta ciyar da shi har ya fi su girma. Bai taɓa ganin ubansa ba, bai taɓa jin wani ya koya masa ba, amma ranar da ya balaga ku-ku ɗin nan zai yi, ba kukan waɗanda suka rene shi ba. Tun 2011 masu bincike a Ingila suke ɗaura wa wasunsu 'yar na'ura, suka gano cewa a dazukan Kwango suke cin hunturu, kuma a hanyar komawa sukan yada zango a nan yankinmu, Gana da Kodebuwa, su yi ƙiba kafin su fuskanci Sahara. A nan kuwa da wuya ka ji bakinsa. Sai ya koma can.

Malam na Asawase: To ka ga wannan ya tafi da fahimtar masu cewa "gida" a nan jini ne. Ita ce 'yar'uwar "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe".

Inna ta Sabon Zango: Malam, a nan ne zan shigo, don ban yarda jini kaɗai ba ne. A Tamale na yi ƙuruciya, gidan kakata. Akwai ɗan ƙaramin jan tsuntsun nan da ke tsintar tsaba a tsakar gida, ba ya tsoron mutane, har cikin rufin ɗaki yake sheƙa. Akwai kuma wani ɗan baƙi mai sheƙi kamar an shafa masa shuni, wanda ke fitowa ƙarshen damina. Ɗana da ya karanci dabbobi a jami'a ya faɗa mini cewa baƙin nan a sheƙar jan yake saka ƙwai. Amma shi ɗansa ba ya ture kowa. Tare suke tashi da 'ya'yan masu gida, baki ɗaya ake ciyar da su, har zanen cikin bakinsa irin nasu ne. Idan ya girma, gashinsa na ubansa ne, baƙi, amma a cikin waƙarsa yana saka kukan jan da ya rene shi. Macen ma idan za ta zaɓi miji, wanda ke kukan gidan da ta tashi take bi.

To ku faɗa mini, wannan kukan gidan wa yake yi? Ni a ganina na gidansu yake yi sarai. Inda aka sa maka abinci a baki, nan ne gidanku. Ba Hausawa ne suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai ba?

Kuma Kawu, ina faɗin haka ne don jikanka. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su, wasu ta Salaga suka gangaro bayan yaƙin da ya watsa kasuwar garin a 1892. Sun auri matan ƙasa, sun haifi iyayenmu a Zango. Yaron da ya buɗe ido ya ji Tonanci a kasuwar Kejetia, Turanci a makaranta, Hausa a tsakar gida, me ake so ya yi? Mu nan har manya mukan ce "matana ya zo", mutumin Kano ya ji abin wani iri. Ba lalacewa ba ce. Hausar Zango ce, da ita aka yi mana rawar jego, da ita za a yi mana addu'a ranar da muka kwanta dama.

Hajiya ta Sawaba: Inna, maganarki ta shiga jikina. Amma kada mu rufe ido. Akwai gidajen da yanzu yaro ba ya iya gaishe da kakarsa da Hausa ko kaɗan. Wannan ba cakuɗa ba ce, bari ne. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Aku ma yana kwaikwayon maganar mutane har ya fi wasu iyawa, amma a keji yake yi.

Ɗan Tafo: Hajiya kin taɓo mini inda ke ciwo. Akun nan mai toka da jar wutsiya da iyayenmu suke ba da labarin garkensa a dazukan Asante, bincike ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari nasa tun daga 1992, saboda kamawa ana sayarwa da kuma sare manyan itatuwan da yake sheƙa a kogonsu. Ni ban taɓa ganinsa a sake ba.

Malam na Asawase: Allah ya kyauta. Abin da na lura da shi a wannan zaman, Inna da Hajiya ba su saɓa kan ma'anar karin maganar ba, sun saɓa ne kan nauyin da ta ɗora wa mai gida. Idan yaro kukan gidansu zai yi, to a kula da abin da yake ji a gidan. Ni ban janye ba dai: baƙon nan uzuri ya yi.

Hajiya ta Sawaba: Ni ma ban janye ba Malam. Na san harshen 'yan kasuwa.

Kawu na Aboabo: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Bayan la'asar na zauna da jikan nawa na ba shi labarin ɗan baƙin tsuntsun Inna. Ya tambaye ni ko tsattsewar da muka gani suna jin ƙishirwa da wannan busasshiyar iska. Na ce su a kan tashi suke shan ruwa, suna shafar saman tafki, amma kurciyoyi da ƙananan tsuntsayen tsakar gida suna bukata. Ya ɗauko tsohon kaskon kakarsa ya cika, ya ajiye a gindin mangwaro. Na ce ya riƙa canza ruwan kullum saboda sauro.

Ɗan Tafo, shirwa ma ta dawo, na ga uku suna jewa a saman mahauta. Idan ranar Asabar kana da sarari, ka kai mu dam ɗin Owabi mu ga na bakin ruwa. Yaron ya ce zai riƙe littafi ya rubuta sunan kowanne da Hausa, wanda ba mu sani ba mu kawo wa Inna.

Ɗan Tafo: In sha Allahu Kawu. Mu tashi bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga su shige inuwa. A sa wa yaron rigar sanyi, bakin dam ɗin ya fi gari sanyi.