Neman shawara: ina so in yi wa ƙarafan injin finbol ɗina fentin hoda

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan da na mallaki wani tsohon injin finbol, wato injin wasan da ake buga ƙwallon ƙarfe a ƙarƙashin gilashi, na kamfanin Williams, ƙirar shekarun 1990. Cikinsa lafiya lau, fitilu na kamawa, fukafukan buga ƙwallo da ƙarfinsu. Waje ne abin kunya. Ƙafafu huɗun duk tsatsa ta ci gindinsu, ƙofar jefa kuɗi ta kwarkwarje, ƙarfen gaba mai danne gilashi kuma ya dushe daidai inda ake ɗora tafin hannu. Na ga wasu suna kai ƙarafan a yi musu fentin hoda, irin wanda ake fesawa a gasa. Raina ya biya da ja mai sheƙi. Niyyata in kwance komai na ƙarfe, har da layukan waya da ƙwallo ke bi a ciki, in kai a yi musu launi ɗaya. Waɗanda suka taɓa yi, me zan kiyaye? Kuma shin zan iya yi da kaina a gida?

Mai Fesa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, sana'ata ce wannan, bari in fara maka da yadda abin yake. Fentin hoda ba ruwa a cikinsa. Gari ne, bindigar fesawa ke ba shi cajin lantarki, shi kuma ƙarfen an haɗa shi da wayar ƙasa, sai garin ya manne masa kamar yadda ƙura ke manne wa gilashin talabijin. Daga nan a tura cikin tanda, zafin digiri 180 zuwa 200 na Salsiyas, minti 10 zuwa 20 bayan ƙarfen kansa ya ɗauki zafin. Garin ya narke, ya haɗe, ya zama fata guda.

To duk abin da ba zai jure wannan zafin ba, ba ya shiga. Ƙofar kuɗin nan sai ka tuɓe ta tas: maɓallan roba, wayoyi, fitilu, makulli, sifirin-sifirin, na'urar tantance kuɗi. A ƙarƙashin ƙarfen gaba akwai soso mai gam, shi ma a ɓanɓare shi. Ka ɗauki hoto kafin ka kwance kowane noti, don ranar mayarwa ƙwaƙwalwa ba za ta taimake ka ba.

Kuma aikin ba a fesawa yake ba, a shiri yake. Sai an buga wa ƙarfen yashi ya fito fari, an wanke maiƙo. Tsatsar da aka rufe ba ta mutu ba, barci take yi. Idan ƙafafunka masu kurom ne, wato farin shafin ƙarfe mai ƙyalli, dole a kashe santsin kurom ɗin, in ba haka ba fentin zai riƙa ɓallewa kamar ɓawon ƙwai.

Sabon Shiga:
Na gode Oga. To jan mai sheƙin fa?

Mai Fesa:
Wanda ake ganin ƙasansa ta ciki? Shi ba shafi ɗaya ba ne. Sai an fara da azurfa mai ƙyalli a ƙasa, sannan jan ya hau, wasu ma su ƙara na kariya a sama. Kowane shafi gashinsa daban. Kuma launin yana bin kauri: inda garin ya taru sai ya yi duhu, inda ya yi ƙaranci sai ya yi haske. A lungun ƙafar injin, inda ƙarfe ya lanƙwashe, cajin kan hana gari shiga, nan ake gane gwani. Ka kai duk kayan rana ɗaya, a fesa su daga kwali ɗaya. In ka raba su biyu, kada ka yi mamaki ka ga ja iri biyu.

Tsohon Makanike:
Yaro, ni abu guda zan hana ka, layukan wayar nan na ciki. Ka bar su yadda suke. Ƙwallon finbol ƙarfe ne zalla, faɗinsa kusan milimita 27, nauyinsa wajen giram 80, kuma yana bin layin nan sau dubbai. Na taɓa yi wa nawa baƙin fenti. Makonnin farko har kiran mutane nake su zo su gani. Daga baya sai ga farin zare ya fito a tsakiyar kowace waya, daidai inda ƙwallo ke gogawa, bakin shiga layin kuma ya fara ɓarewa. Ɓarɓashin bai tsaya nan ba, ƙwallo ya kwashe shi ya zaga da shi filin wasa, ina goge roba ina ganin baƙi a tsumma. Ƙarshe sai da na sake kwancewa aka cire fentin. Aiki biyu, ga ɓacin rai.

In sun dushe, ka wanke su da man goge ƙarfe. In sun yi tsatsa sosai, ka kai a sake musu kurom ko nikel.

Hajiya Mai Tarawa:
Baba, ban yarda da kai ɗari bisa ɗari ba. Ina da inji guda da layukansa ke da fenti, kuma har yau da kyansu. Amma gaskiya a gida yake, ba a fi wasa goma a mako a kansa. Wanda yara ke dannawa safe da yamma, maganarka ce.

Ni abin da zan ce wa ɗan'uwa daban ne. Williams ta daina ƙera finbol tun 1999, don haka ƙarafan asali na wannan zamanin ba a ƙara haifar su. Masu tara injuna kashi biyu ne: akwai mai son ado, akwai wanda in ya ga ja a inda kamfani ya sa farin ƙarfe sai ya juya baya. Ana sayar da sababbin ƙafafu da ƙarafan gefe da suka dace da waɗannan injunan. Ka yi wa sababbin fenti, ka naɗe na asali ka ajiye. Ranar da za ka sayar, mai saye ya zaɓa.

Sannan ka kai hoton gefen injin ka kara da samfurin launi kafin ka yanke. Ja a wayar hannu daban, ja a jikin katako mai zanen shuɗi da ruwan ɗorawa daban.

Tsohon Makanike:
Hajiya, wasa goma a mako ai ado kika ajiye, ba inji ba.

Injiniyan Wuta:
Ana ta maganar kyau, ba wanda ya taɓo abin da zai iya ja wa mutum rauni. Malam, ka buɗe injinka ka duba, za ka ga wata saƙaƙƙiyar waya marar riga ta zaga cikin akwatin. Ita ke haɗa ƙarafan da hannu ke taɓawa da ƙasa, don in wata waya mai wuta ta kuɓuce ta taɓa ƙarfe, wutar ta bi ta can fis ya ƙone, maimakon ta bi ta jikin mai wasa. Fentin hoda kuwa ba ya wuce da lantarki. Ka shafe ƙarfe ciki da waje, ka ɗaura, ka raba shi da wannan kariyar ba ka sani ba.

Maganinsa ba wuya. Ka nuna wa mai fentin inda wayar ke taɓa kowane ƙarfe ya rufe wurin da tef mai jure zafi, ko kuma bayan an gama ka kankare ɗan wuri ta ciki, ka sa wosha mai haƙora. In ka gama haɗawa, ka zare filogi daga bango, ka sa mitar gwajin lantarki tsakanin ƙafar ƙasa ta filogin da kowane ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata ta nuna kusan sifili. Wanda bai nuna ba, sake kwance shi.

Mai Fesa:
Injiniya ya tuna min. Kaurin shafi ɗaya yakan kai maikiron 60 zuwa 80 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), naka mai hawa biyu ko uku kuwa ka ninka. A ido ba komai ba ne, amma a ramin noti komai ne. A toshe ramin da ke gindin ƙafa, inda ake murɗa abin daidaita tsayi, da toshiyar silikon. Haka harsunan da ke ƙarƙashin ƙarfen gaba, waɗanda ke shiga makulli, kada a cika musu gari, in ba haka ba ka yi ta dannawa ya ƙi kamawa. Ƙananan sassan ƙofar kuɗi da aka zuba da narkakken ƙarfe kan fitar da iska a tanda, fentin ya yi ƙuraje. A fara gasa su tsirara tukuna.

Batun yi a gida: ana sayar da ƙaramar bindiga, za ta yi maka maƙalan akwatin da ke saman injin da irinsu. Amma ƙarfen gefe ya fi mita tsawo, wace tanda gare ka? Kuma tandar da aka gasa fenti a ciki ta bar girki har abada.

Ɗan Koyo:
Ƙarin bayani daga wanda ya ƙone hannu: ƙarafan gefe ba noti kaɗai ke riƙe su ba, akwai gam mai fuska biyu a ƙarƙashi. Na ja nawa da ƙarfi ya lanƙwashe, kuma fenti mai sheƙi ba ya rufa wa lanƙwasa asiri. Ka bi shi a hankali da siririyar wuƙar fenti. Ranar ɗaurawa kuma ka sa wosha ta roba a ƙarƙashin kan notin ƙafa ta waje, don kada murɗawar farko ta tsaga fentin.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri, kun cece ni daga ɓarna. Ga inda na tsaya: layukan ciki na bar su, Baba ya yi nasara. Ƙafafu da ƙarafan gefe zan sayi sababbi kamar yadda Hajiya ta ce. Na kara samfurin jan da jikin injin jiya da dare, wallahi faɗa suke yi, don haka ƙofar kuɗi baƙi za ta koma, jan ya tsaya a ƙafafu da gefe kawai. Injiniya, na duba yanzu, saƙaƙƙiyar wayar ta tsinke a kusa da ƙafar baya ta hagu tun kafin in taɓa komai. In haɗa ta da dalma ne, ko in sauya tsawon gaba ɗaya?

Injiniyan Wuta:
Sauya shi daga noti zuwa noti. Kuma kada ka kunna injin sai ka yi.