Katin ISA da adireshin D0000: RAM ne zai amsa ko katin?

Mai486:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da tsohuwar kwamfuta 486 mai RAM 8MB, da katin sadarwa na ramin ISA, wato tsohon ramin da ake soka katuna a jikin madabod (babban allon kwamfuta). A jikin katin akwai 'yan makunnai, an rubuta C8000, D0000, D8000, wato adiresoshin ƙwaƙwalwa da za a iya saita katin a kai. Abin da ya ɗaure min kai, ai RAM ɗina ya zarce waɗannan lambobin. To in furosesa ta nemi D0000, wa zai amsa mata?

Baba_DOS:
Wa alaikumus salam. Katin ne zai amsa, ɗana. Adireshi lamba ce kawai da furosesa ke ɗorawa a kan wayoyi, wanda aka saita a lambar shi ke da magana. Tun kwamfutar IBM ta 1981 aka yi rabon. Furosesa 8088 wayoyin adireshi 20 gare ta, iyakarta 1MB ke nan. Aka bai wa RAM 640KB na ƙasa, 384KB na sama aka ware wa wasu. Daga A0000 zuwa BFFFF na katin hoto ne, BIOS (manhajar tada na'ura) ɗin katin hoton VGA na zaune a C0000, na kwamfutar kanta a F0000. Filin da ke tsakani, daga C8000, shi katuna irin naka ke rabawa. Ko RAM ɗinka ya kai nawa, a wannan yankin madabod kan tura buƙatar zuwa layin ISA. Abin da dai za ka kiyaye, kada katuna biyu su haɗu a lamba ɗaya, don ISA ba ta da mai raba gardama. Sai zuwan PCI, ramin da ya gaji ISA, aka huta, BIOS ke rabon da kansa.

Mai486:
Na gode Baba. Na sa D0000, amma da na loda EMM386, manhajar DOS mai sarrafa RAM, sai katin ya yi shiru.

Injiniya_Z:
Malam, ai EMM386 ya ɗauka wurin ba kowa ne, ya shimfiɗa RAM a kai. Katin da ke da ROM (ƙwaƙwalwar da ake karantawa kawai) ana gane shi da alamar 55 AA a farkonsa, amma mai RAM zalla ba lallai a gan shi ba. A CONFIG.SYS, fayil ɗin saitin DOS, ƙara X=D000-D3FF a layin EMM386 don ya bar wurin, in tagar katin (yankin adireshin da yake amsawa) 16KB ce. Sannan ka shiga BIOS ka kashe Shadow (kwafe abin da ke wurin zuwa RAM) na wannan yankin, in ba haka ba kwafi furosesa za ta riƙa karantawa, ba katin ba.

Baba_DOS:
Haka ne. In kuma a BIOS ka ci karo da "Memory Hole At 15M-16M", bar shi a kashe. Na katunan da ke son taga a ƙarshen 16MB ne, iyakar wayoyi 24 na ISA. Naka ba ruwansa da shi.