Me za mu kira "positive pressure" na ɗakin tiyata?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tsayar da kalma ɗaya, domin wasu suna rubuta "matsin iska mai kyau", ni kuwa ban gamsu ba.

Ga yadda abin yake. Ana hura tatacciyar iska daga silin fiye da wadda ake zuƙewa, sai iskar ɗakin ta rinjayi ta baranda. Ratar ba yawa: ƙa'idar ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin iskar gine-gine ta Amurka, ta ce aƙalla faskal 2.5 (faskal ma'aunin matsi ne), tare da sabunta iskar ɗakin sau 20 a awa. Amma ta isa. Riƙe siririn tishu a ƙasan ƙofa, za ka ga ya karkata waje. Ƙurar baranda da ƙwayoyin cutar da ke haye a kanta ba su da hanyar shiga, balle su sauka a kan raunin da likita ya buɗe.

To idan wannan ne "mai kyau", ɗakin mai tarin fuka fa? Can juya abin ake yi, ɗakin ne ke jan iska ciki don kada ƙwayoyin cutar da majinyaci ya fitar a tari su fita. Sai mu ce masa "mara kyau", alhali shi ne daidai? Tsorona kada wani ya kai mai tarin fuka ɗaki "mai kyau" da kyakkyawar niyya, iska ta raba wa jama'a cutar.

Wata 'yar'uwa ta kawo "iska mai rinjaye". Hajiya, ta yi daɗi a kunne, sai dai ba ta faɗi inda iskar ta dosa ba.

Ni shawarata "matsin tura-waje", kishiyarsa kuma "matsin zuƙo-ciki". Mai goge ɗaki da mai turo gadon majinyaci za su fahimta nan take, kuma su ma hannunsu na kan ƙofar. Duk buɗewa ɗaya tana rusa ratar nan. Nas za ta iya cewa, "Malam, rufe ƙofa, kana kashe mana tura-waje."

Kada mu haɗa shi da "laminar flow", iskar da ke saukowa a miƙe kan gadon tiyata, wadda aikin likitan ƙashi John Charnley a asibitin Wrightington na Ingila ya share wa hanya a shekarun 1960. Ita ana jayayya a kan amfaninta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyi bayanta ba a tiyatar sauya gaɓa a 2016. Tata kalmar daban.

Ma'aikatan tiyata, ku gwada waɗannan biyun a bakin aiki, ku gaya mana ko sun zauna a harshe.