Kameliya tana zubar da tohon fure kafin ya buɗe, yaushe ake datse ta?

Maman Lambu:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Akwai kameliya, wata bishiyar fure, irin japonica a bayan gidanmu a Landan, tsayinta ya kai mita biyu da rabi, tana jikin katangar bulo mai kallon gabas. Bana ta yi toho da yawa, amma kafin ya buɗe sai ya yi ruwan ƙasa ya zube. Sabbin ganyen kuma sun yi rawaya, jijiyoyinsu kaɗai ne kore. An datse ta a Oktoba saboda ta tare taga. Ina matsalar take, kuma yaushe ya kamata a sa mata almakashi?

Mai Dashe:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kameliya tana ƙulla tohon furen baɗi ne tun daga Yuli zuwa Satumba, don haka duk reshen da aka yanke a Oktoba ya tafi da furensa. Japonica ana datse ta da zarar ta gama fure, wajen Afrilu ko farkon Mayu, kafin sabon reshe ya miƙe.

Ki fara da matattun rassa da masu gogar juna, ki cire su daga gindinsu, kada ki bar kututture. Sannan ki buɗe tsakiyar don iska da haske su shiga. Wanda ya tare taga ki bi shi ƙasa har inda ya haɗu da wani reshe, ko ki yanke daidai saman idon ganye mai kallon waje. Kada a yi mata aski irin na shinge. Hakan yana sa ta cunkushe a waje, cikinta ya zama fayau. Reshen da ya fi yatsa kauri, zarto za a sa masa, don almakashi murƙushe shi yake yi.

Zubewar tohon kuwa ƙishirwa ce ta Agusta da Satumba. Saiwarta a sama-sama take, gindin katanga kuma ruwan sama ba ya isarsa sosai. A watannin nan ki ba ta bokiti biyu, wajen lita 20, sau ɗaya a mako idan ba a yi ruwa ba. Katangar gabas ma tana da nata laifin: toho ya kwana cikin ƙanƙara, hantsi ya buge shi ya narke da sauri, sai ya ƙone.

Abu Ganye:
Hajiya, bari in ɗauki zancen rawayar ganyen. Kameliya ƙasa mai tsami take so, pH (ma'aunin tsamin ƙasa) 5.5 zuwa 6.5. Ruwan famfon Landan yana da alli sosai, shi ne farin da kike gani a cikin butar shayi, simintin katanga ma yana ƙara wa ƙasa alli. Idan ya yi yawa sai saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe ko da akwai shi a ƙasar, shi ya sa sabon ganye ne ke fara nunawa. Ki auna ƙasar tukuna, abin awon ba tsada. Ki ajiye duro a bakin indararo, ruwan sama ya fi mata. Amma idan ya ƙare gara na famfo da a bar ta da ƙishi.

A Afrilu ki ba ta takin shukoki masu son ƙasa mai tsami, wanda aka rubuta ericaceous a jikinsa, daidai awon da ke kan kwalin, ki tsaya daga ƙarshen Yuli, don takin da ya makara shi ma yana zubar da toho. Ki shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye ko farfasasshen ɓawon itace kaurin santimita 5 zuwa 7, amma kada ya taɓa gindin. Toka kam kada ta je kusa da ita. Mun saba zuba wa shuka toka, ita wannan cutar da ita take yi. Kuma ban da fartanya a gindinta.

Baba Manomi:
'Yata, malaman nan sun faɗi daidai. Abin da zan ƙara: kada ki ji tsoron yanka mai zurfi idan bishiyar ta fi ƙarfin wurin. Kameliya tana tsirowa daga tsohon itace. 'Yar'uwarta ce Camellia sinensis, ganyen shayin da ake nomawa a tsaunin Mambila a jihar Taraba, wanda ake sassarewa ƙasa ya sake fitowa. Sai dai za ki rasa fure shekara ɗaya ko biyu, don haka ni na fi son a raba aikin, a cire kashi ɗaya cikin uku na manyan rassa kowace shekara.

Ki kuma duba furen da ya faɗo da kyau. Idan ruwan ƙasar a bakin-bakin furen yake, sanyi ne. Idan ɗigo-ɗigo ne da suka bazu har furen ya yi laushi, kuma akwai farin zobe kamar auduga a gindinsa, funfuna ce. Wannan a tsince duka a zuba a shara, kada a sa cikin takin gida, don a ƙasa take kwana ta dawo baɗi. Ganye kuma in ya yi baƙi kamar kunkunniya, ki juya bayansa, za ki tarar da ƙananan ƙwari manne suna tsotso. A goge su da tsumma da ruwan sabulu.