Maganin zuciya daga fumfunar da ke zaune a cikin tsirrai

Hajara: Assalamu alaikum. Mahaifina ya shekara uku yana shan ƙwayar rage kitsen jini kowane dare, sai na ji wani malami yana cewa masana na neman sababbin magungunan zuciya a jikin wata fumfuna da ke rayuwa cikin ganye da saiwar tsirrai ba tare da ta cutar da su ba. Shin maganar tana da tushe?

Malam Nuhu: Wa'alaikumus salam, Malama Hajara. Tana da tushe, domin dangin ƙwayar da Baba yake sha daga fumfuna suka samo asali. A shekarar 1973 wani masani ɗan Japan, Akira Endo, bayan ya gwada dubban nau'o'in fumfuna, ya tace wani sinadari daga wata fumfuna mai suna Penicillium citrinum wanda ke daƙile aikin da hanta ke yi na ƙera kwalastarol, wato kitsen jini. Daga baya kamfanin Merck ya samo lovastatin, maganin rage kitsen jini, daga wata fumfunar mai suna Aspergillus terreus, aka amince da shi a Amurka a 1987. Waɗancan ba daga cikin tsiro mai rai aka ciro su ba, amma sun nuna cewa ana iya samun maganin zuciya daga fumfuna.

Dakta Bilkisu: Bari in ɗan ja birki, Malam. A ɗakin gwaji ana wanke ganyen a kashe duk abin da ke bayansa, a yanka shi ƙanana a ɗora a faranti, bayan 'yan kwanaki sai ka ga zare fari kamar auduga yana fitowa daga bakin yankan, wato fumfunar ke nan. Matsalar ita ce, idan aka raba fumfunar da uwar gidanta aka ci gaba da renonta, sau da yawa sinadarin maganin da take samarwa yakan ragu har ya ɓace. Haka ta faru da taxol, maganin ciwon daji da aka fara samu daga wata bishiya, wanda a 1993 aka ba da rahoton samun sa a fumfunar da ke cikin bishiyar a Amurka. An riƙa shafa shi a kan ƙarfen da ake buɗe toshewar jijiyar zuciya da shi, amma wanda ke kasuwa daga irin bishiyar yake fitowa, domin abin da fumfunar ke bayarwa bai taka kara ya karya ba.

Hajara: Ke nan babu amfani a jiƙa masa ganye da fatan samun sinadarin?

Dakta Bilkisu: Babu, 'yar'uwa. Wata Aspergillus ɗin ce ke zuba gubar aflatoxin a gyada da masarar da ba su bushe da kyau ba, kuma ido ba ya bambance su. Baba ya ci gaba da shan ƙwayarsa, kuma a riƙa auna kitsen jininsa lokacin da likitansa ya tsara.