Neman shawara: da 2:2 da maki 615 a GMAT, zan iya samun Harvard ko Stanford?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 30. Na karanta tattalin arziki, na fito da 3.41 cikin 5.0, wato 2:2. A aji biyu mahaifina ya kwanta rashin lafiya, ni ne babba, ni ke jinya ni ke zaman shago, sai makina ya zube, har darussa biyu na maimaita. Aji uku da huɗu na farfaɗo amma bai kai ni 3.50 ba. Bayan hidimar ƙasa na yi shekara 3 a banki, daga nan kawuna ya kira ni in riƙe masa kamfanin casar shinkafa a Kano, ma'aikata 40 ne a ƙarƙashina, shekara 3 ke nan. Na rubuta GMAT, jarrabawar neman shiga makarantun kasuwanci, na samu 615. Ina son MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, a Harvard, Stanford ko Wharton da ke Amurka, zan tura takardun nema a watan Janairu. Kawu zai rubuta mini takardar shaida, akwai kuma wani sanata abokinsa da ya yi alkawari. Don Allah ku gaya mini gaskiya, barci ma ya gagare ni.

Mai Lissafi: Wa alaikumus salam. Ƙanina, gaskiyar ka nema. Da waɗannan takardun yadda suke yau, damarka kaɗan ce ƙwarai. Harvard tana ɗaukar kusan mutum 1 cikin 9 na masu nema, Stanford ƙasa da 1 cikin 10. A sabon GMAT mai maki 205 zuwa 805, maki 645 shi ne daidai da 700 na tsohon ma'auni, kuma tsaka-tsakin makin 'yan ajin makarantun nan ya yi ta yawo wajen 730 zuwa 740 a tsohon, wato kusan 685 a sabon. Mai sakamako mai kyau a jami'a ana iya yi masa afuwar GMAT, mai GMAT mai ƙarfi ana iya yi masa afuwar 2:2. Kai duka biyun ne a ƙasa, babu wanda zai tallafi wani. Sakamakon jami'a ya riga ya bushe, GMAT ne ke hannunka. Ana barin kwana 16 tsakanin zama da zama, sau 5 a cikin wata 12. Ka ba shi wata 3 zuwa 4, ka duba ko sashen lissafi ne ko na nazarin bayanai ya ja ka ƙasa. Ka haɗa da kwas na share fage ta intanet irin MBA Math ko CORe na Harvard, don su ga sabon shaidar cewa za ka iya lissafin aji. Batun jinyar mahaifinka ka sa shi a gurbin ƙarin bayani, layi huɗu ko biyar, tare da makin aji uku da huɗu. Kada ka juya 3.41 zuwa ma'aunin 4.0 da kanka, ka rubuta yadda yake a takarda.

Mai tambaya: Na gode Yaya, amma na ji an ce 'yan Afirka ana sassauta musu maki. Kuma ba zan iya jira zuwa Satumba ba, na riga na faɗa wa mutanen gida.

Mai Lissafi: Masu nema daga Najeriya ba kaɗan ba ne, cikinsu akwai masu daraja ta ɗaya da suka yi aiki a manyan kamfanonin ba da shawara a Legas. Da su za a auna ka. Harvard zagaye biyu kawai take yi na karɓar takardun nema, Satumba da Janairu. Tura takarda mai rauni a Janairu asarar kuɗin fom ce, kusan dala 250 zuwa 275 a kowace makaranta, kuma baɗi dole ka nuna abin da ya canza.

Hajiya Malama: Ni ban yarda a karya masa gwiwa haka ba. Ɗana, abin da ke hannunka mai daraja shi ne kamfanin, kuma shi ne ba ka yi bayani a kai ba. Tan nawa kuke casa a wata da ka karɓa, nawa ne yanzu? Manoma nawa kuke saye a wurinsu? Me ka yi da injin ya tsaya ko dizal ya yi tsada? Wannan labarin 'yan banki ba su da shi. Amma ka cire kawu da sanata. A Harvard da Stanford takardar shaida biyu ake so daga waɗanda suka ga aikinka da idonsu, kuma tambayoyin fom ɗin na musamman ne, har da wata gyara da aka taɓa yi maka da yadda ka karɓe ta. Sanata me zai rubuta a nan? Dangi kuwa ba a ɗaukar shaidarsu da nauyi. Ka nemi tsohon shugabanka na banki, sai babban dillali ko mai binciken kuɗin kamfanin, ka bayyana dalili a fom. Ni a ganina ka tura a Janairu, shekaru suna tafiya, yawancin 'yan ajin shekara 5 suka yi suna aiki.

Mai Lissafi: Hajiya, da girmamawa, labari mai daɗi ba ya goge 615.

Ɗan Kasuwar Singa: Duk kun tsallake babbar magana. Wa zai biya? Shekara ɗaya a Harvard da masauki da abinci ta haura dala 100,000, kuma shekara biyu ce. Kafin a ba ka takardar I-20 ta neman biza sai ka nuna kuɗin shekarar farko. Bashin karatu na kamfanonin Prodigy da MPOWER ba ya buƙatar mai tsaya maka, amma da ruwa yake, kowa ya san hukuncinsa. Yaranmu kullum Amurka, Amurka, ga Lagos Business School nan a gida.

Bakatsine: Ga jami'o'inmu kuma da jan ƙafa wajen fitar da takardar sakamako, mutum ya biya ya yi ta zarya. Ka nema tun yau.

Hajiya Malama: Harvard tallafinta bisa buƙata ne, kusan rabin aji suna samu, amma sai bayan an ɗauke ka ake lissafawa. Tallafin karatu na Knight-Hennessy na Stanford a Oktoba ake rufewa, kuma sai wanda bai wuce shekara 7 da digiri ba, ka ƙirga naka. Ka ƙara makarantar kasuwanci ta INSEAD a jerinka, wata 10 ne a Faransa ko Singafo, 'yan ajinsu sun fi kusa da shekarunka. Oxford ma shekara ɗaya ce. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, yana da iyaka a kan kuɗin MBA, ragowar kai za ka cika.

Mai tambaya: Na gode Hajiya, amma Turai ba ta cikin tsarina, sunan makarantar ne ke buɗe ƙofa. Maganar kuɗi Allah zai kawo. Kawu kuwa idan na cire shi zai ji ba daɗi, shi ya san aikina fiye da kowa.

Mai Lissafi: To wace ƙofa kake son buɗewa? Stanford za ta tambaye ka abin da ya fi muhimmanci a rayuwarka da dalili. Hirar tantancewa ta Harvard minti 30 ce, da wanda ya karance takardunka tas. Tun ɗazu ba ka faɗi me za ka yi da digirin ba.

Mai tambaya: Zan yi tunani a kai. Amma idan na kai 645 kafin Janairu fa, in bar kawu a matsayin na biyu?

Bakatsine: Wai GRE, jarrabawar da ake yi a madadin GMAT, bai fi sauƙi ba? Duk makarantun nan suna karɓa.