Tsohuwa ba ta iya tashi kuma rafi ya ƙafe, zuba ruwa a ka ya wadatar a baftisma?

Ɗan Kibiya:
Salama 'yan'uwa cikin Kristi. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka fi ni sani. Kakata ce ta wajen uba, ta haura 80, duk rayuwarta a addinin gargajiya ta yi sai bara waccan ta karɓi Yesu, yanzu kullum maganarta ɗaya ce, a yi mata baftisma tun tana da rai. To ƙafafu sun riƙe, ko ƙofar ɗaki sai an ɗauko ta, ga rani, rafin da muka saba yi a ciki ba komai sai yashi, kududdufin da ya rage kuma shanu ke sha. Mu 'yan ikkilisiyar ECWA ne kun san nutsarwa muke yi. Gwaggona da ke aure cikin 'yan Katolika ta ce a zuba mata ruwa a ka sau uku shi kenan, baffana kuma ya ce sam wannan ba baftisma ba ce. Gida ya rabu biyu. Wanne ne daidai? Ina tsoron mu tsaya jiran damina ta rasu.

Mai Bishara Tudun Wada:
Ɗana Ubangiji ya yi maka albarka da ka damu da tsohuwa. Ni dai ina bayan baffanka. Duba Matiyu 3:16, da aka yi wa Yesu baftisma a Kogin Urdun fitowa ya yi daga cikin ruwan. Yahaya 3:23 ta ce a Ainon kusa da Salim Yahaya Mai Baftisma yake yi domin akwai ruwa da yawa a can, to in da tafin hannu guda ya isa me zai kai shi neman ruwa mai yawa? Filibus ma da mutumin nan na Habasha su biyu suka gangara cikin ruwa, Ayyukan Manzanni 8:38. Amma babban dalilina Romawa 6:4 ne, an binne mu tare da Kristi ta wurin baftisma domin mu tashi mu yi sabuwar rayuwa, kuma ai ba a binne mutum a bar rabin jikinsa a waje. Wannan hoton mutuwa da tashi shi ake nuna wa jama'a, in aka cire shi an rage abu babba. Ba dole sai rafi ba fa, ku cika babbar roba ko kwami da ruwan burtsatse, ko ku samu mota ku kai ta madatsar ruwa ta Tiga ai ba nisa daga wajenku.

Katikis daga Jigawa:
Baba Mai Bishara ina gaisuwa, ban ƙi ta taka ba, nutsarwa tana da kyau ƙwarai kuma mu Angilikan ma ba mu hana ba. Inda na tsaya shi ne kada a ce wa wanda aka zuba wa ruwa ba a yi masa baftisma ba. Umarnin Ubangiji a Matiyu 28:19 shi ne a yi cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, bai faɗi yawan ruwa ba. Yarin kurkukun Filibi da tsakar dare aka yi masa shi da iyalinsa duka, Ayyukan Manzanni 16:33, ba a ce sun tafi neman kogi ba. Kuma wannan matsala taku ba sabuwa ba ce, akwai wani tsohon rubutun ikkilisiyar farko da ake kira Didake, a babi na 7 ya ce a yi a ruwa mai gudu, in babu a yi a wani ruwan, in duk ba a samu ba a zuba a ka sau uku cikin sunan nan uku. Kenan tun can sun fi son nutsarwa amma ba su bar mutum haka ba don rashin ruwa. 1 Bitrus 3:21 ma ta ce ba wanke dauɗar jiki ba ce, roƙon lamiri mai kyau ne a gaban Allah.

Maman Zumunta:
Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙauye, don Allah ku manta da kududdufin nan, tsargiya ce cike da shi, Tiga ma ban ba da shawara ba, jijjigar hanya kaɗai ta isa ta kwantar da mai shekara 80. Amma ɗana abin da ya fi damuna ba wanda ya taɓo shi. Tsofaffinmu da suka fito daga gargajiya da yawa suna ɗaukar baftisma kamar wankan magani ne, wai zai kore ciwo ko ya tsare su daga iskoki, ko kuma in ba a yi ba sama ta kuɓuce. A zauna da ita a hankali a tambaye ta me ta gane. Afisawa 2:8 ta ce ta wurin alheri aka cece mu ta bangaskiya, ɓarawon nan da ke kan gicciye ma ba wanda ya sa shi a ruwa amma Yesu ya ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. Ta san cewa Yesu ne ya cece ta, ruwan shaida ce take bayarwa gaban jama'a. Ta yi ajin baftisma kuwa? Kuma ku daina gardama a gida, ku kai wa Rabaran ɗinku da dattawan ikkilisiya, su ke da hurumin yankewa ba baffa ko gwaggo ba.

Ɗan Kibiya:
Na gode iyayena. Mama, kakata ba ta iya zuwa aji amma matar fasto tana zuwa gida tana koya mata, layunta da kayan tsafin kuma da kanta ta sa aka fito da su aka ƙone tun bara. Ran Lahadi in an tashi sujada zan samu Rabaran da baffana. In aka tsaya a kan roba, za a iya sirka ruwan da na zafi? sanyi yana tayar mata da ciwon ƙirji.

Katikis daga Jigawa:
Ku sirka ba laifi, rubutun nan da na ambata ma ya ce in ba a iya da ruwan sanyi ba a yi da mai ɗumi. A yi da hantsi in rana ta ɗaga, mata biyu masu ƙarfi su riƙe ta, a ajiye busasshen zane kusa.